Hanyar da Ba A Juya Baya

Ƙarar bindiga ce ta sa Burul ta saki jakar gurasar da ke hannunta. Ba ta ma ga lokacin da yayanta Mederbek ya saita ba. Sai hayaƙi ta gani, sannan ta ji wata irin kururuwa daga ƙarshen gonarsu ta dankali, inda gonar ta haɗu da daji. Aladen daji ne, baƙi, ƙato, ya kai girman maraƙi. Harsashin ya same shi a ƙugu. Ya faɗi ya yi birgima a cikin kunyoyin da ya tone, ya miƙe da ƙafa uku, ya kutsa cikin ƙaya yana jan ta huɗun.

"Na samu ɗan banza!" in ji Mederbek. "Ka ci dankalin, yau ka biya da ƙugunka!"

Ya buɗe bindigar zai sa wani harsashi, sai mahaifinsu Toktosun ya kama bakinta ya danna ƙasa.

"Ina za ka?"

"In ƙarasa shi mana, Baba. Bai yi nisa ba."

"Da alwalar taka? Ka bi jinin wannan ƙazamin ka tattaka, sannan ka zo mini marmaro da takalmin? Mayar da ita bukka."

"Baba, dabba ce mai rauni."

"Na ce ka mayar. Da wuƙar da ke ƙugunka. Ba a zuwa wurin bawan Allah da ƙarfen kisa, kai ma ka sani."

Mederbek ya sani. Kowa a ƙauyen ya sani. Ya yi tsaki a hankali yadda tsohon ba zai ji ba, ya shiga bukkar gonar ya rataye bindigar da wuƙar, ya fito yana kakkaɓe hannu.

Tafiyar ta tsohon ce. Shekara da shekaru yanar ido ta rufe shi har ya daina bambance fuskokin 'ya'yansa. Da aka yi masa aiki a asibitin birnin Jalal-Abad ya sake gani, sai ya ce zai taka da ƙafarsa zuwa marmaron waliyyi ya yi godiya. Hanyar daga bakin gonarsu ta tashi, ta rabu biyu. Ta dama ta hau ta bi bakin kwazazzabo cikin dajin tuffa har marmaron, daga can ta zagayo ta hagu ta dawo gonar. Da rani baƙi masu jakar goyo kan bi ta suna bin jan fentin da aka shafa a jikin itatuwa, su fita da safe su dawo da yamma. Yanzu kaka ta yi, baƙin sun tafi, babu kowa.

Burul ta ɗauki jakarta tana kallon ƙasa. Jinin ya tsallake kunyoyi, ya ɗiga a kan busassun ganye, ya bi hanyar hagu. Ta inda za su dawo ke nan.

"Baba," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "ta can ya bi."

"Me kika ce, Auta?"

"Ta hanyar dawowa ya bi."

"Kafin mu zagayo ya zama abincin hankaki," in ji Mederbek. "Ke dai komai tsoro. Jiya na ga kaza ta kore ki daga ƙofar gida."

"Ƙarya kake, Yaya."

"Da idona. Har kina cewa ta yi haƙuri."

Tsohon ya yi dariya, ya gyara farar hularsa, ya dogara sandarsa ya kama hanyar dama. Burul ta bi su a baya. Tana tafe tana waiwayen hanyar hagu. Ta taɓa ganin abin da aladen daji ya yi wa karen maƙwabcinsu. Sai da aka tattara hanjinsa a cikin buhu. Kuma wancan aladen lafiyarsa ƙalau, ba wanda ya harbe shi.

Hanyar ta hau a hankali. Tuffa ta zuba ko'ina, ƙanana, jajaye da rawaya, suna fashewa a ƙarƙashin takalmi, ƙanshinsu kamar na abin da ya fara tsami. Can ƙasa ƙwarai kogi yana ruri, fari fat, siriri kamar zare. Toktosun yana tsayawa kowane ɗan lokaci ya kalli wani abu. Ya kalli gaggafa tana shawagi ƙasa da inda suke tsaye. Ya kalli ɓawon itace. Har wata tururuwa ya tsuguna ya kalla.

"Ashe haka kake da furfura, Mederbek? Ni ina ta ce maka yaro."

"Kai ka sa mini ita, Baba."

"To ita wannan fa? Ashe hancin uwarta ta ɗauko. Allah ya rufa mata asiri ba ta ɗauko nawa ba."

Burul ta ja gyalenta ta rufe baki. Duk motsin da ta ji a cikin ganye sai ta waiwaya.

Rana ta take tsaka suka isa marmaron. Ruwan yana fitowa ne daga tsagar dutse, a gindin wani tsohon itace da mutane suka ɗaure wa tsummoki har rassansa suka sunkuya. Toktosun ya wanke idanunsa, ya sake wankewa, ya yi salla, ya daɗe da hannuwa a sama. Suka gutsura gurasa da hannu, suka sha shayi, suka tsotsi busasshen cuku. Burul ta cika tulun shayin da ruwan marmaro don mahaifiyarsu.

Da suka miƙe, ta tsaya a gaban mahaifinta. Ba ta saba yin haka ba.

"Baba, don Allah mu koma ta inda muka zo."

Tsohon ya dube ta kamar ta yi saɓo.

"Ke a ina kika girma? Wanda ya ajiye cutarsa a nan ya juya baya, a hanya zai tarar da ita tana jiransa. So kike in sake makancewa?"

"A'a, Baba."

"Kakanki bai juya ba, ni ban taɓa juyawa ba. Gaba ake yi har a zagayo."

Ta dubi Mederbek ko zai sa baki. Ya kawar da kai, yana sosa ƙeya. Ta gane shi ma abin yana ransa, amma ba zai ce wa mahaifinsa yana tsoron alade ba. Sai ya karyo wani busasshen reshe mai kauri ya riƙe.

"Na me ye wannan?" in ji tsohon.

"Na korar kaji ne, saboda Auta."

Hanyar dawowa ta fi duhu. Itatuwa sun haɗe kai a sama, ƙaya ta cika gefen hagu, gefen dama kuwa babu komai sai sarari da rurin kogi. Sun yi tafiya mai nisa, har Burul ta fara jin ƙanshin hayaƙin ƙauye, ta fara cewa a ranta wataƙila Yaya ya yi gaskiya. Sai suka zo inda hanyar ta tsuke, mutum biyu ba za su jeru ba. Tsohon yana gaba, Mederbek na biye, ita a ƙarshe.

Warin ta fara ji. Wari mai kauri, na jini da fitsari. Sannan ta ga ƙudaje sun yi baƙi a kan ganye.

"Baba, tsaya!"

Ƙayar ta fashe. Aladen bai yi kururuwa ba wannan karon, gurnani kawai ya yi, ya fito kansa a ƙasa, ƙafa uku amma kamar an harbo shi. Mederbek ya cafko wuyan rigar tsohon ya wurga shi baya, ya ɗaga reshen ya sauke a kan aladen. Reshen ya karye biyu. Aladen ya shiga tsakanin ƙafafunsa ya ɗaga kai sama.

Burul ta ji ƙarar yagewar wando, ta ji wata ƙarar a ƙarƙashinta wadda ba ta wando ba. Mederbek ya tashi sama ya faɗo da baya. Kafin ya motsa aladen ya hau shi, yana sara da haure, hagu da dama, yana tura shi a ƙasa kamar buhu. Mederbek ya sa gwiwar hannu ya tare fuskarsa yana ihu.

"Ku gudu! Burul, ja Baba ku gudu!"

Ba ta gudu ba. Ta fizge sandar mahaifinta ta maka wa aladen a baya. Kamar ta daki bango. Ta sake makawa, sandar ta tsage. Ta ɗaga tulun ƙarfen da hannu biyu ta buga masa a kunne, tulun ya loɓe, ruwan ya tsiyaye. Ko waiwayowa bai yi ba. Jini yana tsartuwa daga ƙarƙashinsa, ba nasa ba.

Ta duba ƙasa ta ga dutse mai tsini, girman gurasa. Ta ɗauka, ta matso har ta ji gashinsa mai kaushi a ƙaurinta, ta sauke masa a ido da dukan ƙarfinta. Idon ya fashe, wani ruwa ya fallatso mata a fuska.

Sai ya juyo.

Kansa ya daki cikinta, numfashinta ya ɗauke. Ta faɗi ta gangara, ta ji ƙafafunta sun fita sarari, babu ƙasa a ƙarƙashinsu. Ta rarumo saiwar itace da hannun dama. Hannun hagu ta ɗaga ta kāre wuyanta, aladen ya kama shi. Ta ji yatsunta suna karyewa a bakinsa kamar ƙirare. Ta ga haurensa kusa da idonta, rawaya, da zaren wandon yayanta a maƙale. Yana girgiza kai, saiwar tana zamewa a tafin hannunta, ƙasa tana zuba daga ƙarƙashin ƙirjinta zuwa cikin kwazazzabon.

"Sake ta! Sake ta, la'ananne!"

Muryar mahaifinta ce. Tsohon ya zo da rarrafe, hularsa ta faɗi, ya kama kunnen aladen da hannu biyu yana ja, yana dukansa da goshi, yana cizo. Aladen ya yi masa wurgi da kafaɗa, ya bugu da itace, bakinsa ya fashe. Amma aladen ya saki hannun Burul.

Lokacin nan Mederbek ya iso, yana jan jiki da gwiwar hannu, ya bar jan layi a bayansa. Ya kama karyayyiyar ƙafar aladen, ya lalubo ramin harsashin a ƙugu, ya cusa yatsunsa ciki har wuyan hannu, ya murɗa.

Burul ba ta taɓa jin ƙara irin wannan ba. Aladen ya yi tsalle ya juya don ya kai ga abin da ke cin ƙugunsa, ƙafarsa ta gaba ta taka bakin gaɓa. Gaɓar ta ɓare. Ya yi ta haƙilo da ƙafa ɗaya, ƙirjinsa a kan hanya, bayansa a sarari. Mederbek ya zare hannunsa, ya sa lafiyayyar ƙafarsa a hancin aladen ya tokare.

Aladen ya tafi ƙasa. Sun ji shi yana bugun duwatsu, yana bugu, har rurin kogi ya haɗiye ƙarar.

Burul ta jawo kanta sama da hannu ɗaya. Ba ta dubi na hagun ba. Ta rarrafa wurin yayanta. Yana kwance rigingine, fuskarsa fara fat, yana murmushi irin na wanda bai san abin da ya same shi ba.

"Kin ga? Ya mutu. Na ce miki zai mutu."

"Yi shiru, Yaya."

Cinyarsa ta dama a buɗe take daga gwiwa har kusa da mara. Nama ya rabu biyu, ana ganin fari a ciki. Daga can sama jini yana fitowa tsut, tsut, yana bin bugun zuciyarsa. Ta fizge gyalenta, ta naɗa a cinyar, ta ja da haƙori da hannu ɗaya. Jinin bai tsaya ba. Raunin ya yi sama da yawa, babu inda za a ɗaure.

"Baba! Baba, zo!"

Tsohon ya zo yana tangaɗi, jini a gemunsa. Ya tsaya yana kallon cinyar.

"Baba, tsuguna. Kawo hannunka." Ta kama hannunsa ta dunƙule shi, ta tura cikin raunin, can sama inda jinin ke tsartuwa. Mederbek ya yi ihu ya gantsare. "Ɗora ɗayan a kai. Danna. Da ƙarfi, Baba, hau da nauyinka duka!"

Tsohon ya hau. Tsartuwar ta ragu, ta koma tsiyaya, ta tsaya.

"Kada ka ɗaga. Ko ya yi kuka, ko ya zage ka, ko ya suma, kada ka ɗaga. Ka ji ni?"

Ba ta taɓa yi wa mahaifinta magana haka ba. Ya gyaɗa kai kamar ƙaramin yaro.

"Na ji, Auta. Je ki."

Ta soke karyayyen hannun a cikin rigarta ta zura a guje, kanta a buɗe, gashinta ya warware. Kowane taki sai ta ji zafin ya harba har ƙwaƙwalwarta. Ta zame a kan ruɓaɓɓiyar tuffa ta faɗi a kan hannun, duniya ta yi baƙi, ta yi amai, ta tashi. Rassa suna marin fuskarta. Tana bin jan fentin nan daga itace zuwa itace, ba ta tunanin komai sai hannuwan tsohon, hannuwan da ko kofin shayi suka riƙe sai sun yi rawa.

Da ta fito bakin gona ta hango maƙwabcinsu Kubat da surukinsa suna ɗora buhunan dankali a kan dawaki. Ta nufe su tana tangaɗi. Kubat ne ya ɗago ya gan ta, ya saki buhun.

"Innalillahi! 'Yar Toktosun, wa ya yi miki haka?"

"Alade. Yaya yana can, inda hanya ta tsuke. Jijiya ce. Baba ya danne."

Kubat bai ƙara tambaya ba. Ya ture buhunan, ya ce wa surukinsa ya ruga ƙauye ya kirawo malamar asibiti, a kawo mota bakin gona. Ya ɗauki igiya da bargo ya haye doki.

"Ke zauna nan."

"Ba zan zauna ba."

"Dubi hannunki, yarinya!"

"Kawu, ɗora ni."

Ya dube ta, ya miƙo hannu ya ɗora ta a bayansa.

Dokin yana jin warin ya fara tirjiya tun kafin su isa, sai suka sauka suka ƙarasa da ƙafa. Burul ta riga shi shan kwanar. Ta ga bayan mahaifinta, a durƙushe, a sunkuye, yadda ta bar shi. Ƙasa ta yi baƙi kewaye da su. Mederbek ba ya motsi, idanunsa a rufe, ƙudaje suna yawo a kan leɓensa.

Ta tsaya cik. Kubat ya wuce ta, ya tsuguna, ya kara kunnensa a bakin Mederbek. Ya daɗe a haka.

"Yana numfashi," ya ce.

Ya zagaya igiyar a can saman cinyar, ya sa guntun sanda ya murɗa, ya murɗa har igiyar ta nutse a nama. Amma bai yarda igiyar kaɗai za ta tsayar da jinin ba.

"Alhaji, kada ka saki tukuna. Sai malama ta zo."

Tsohon yana nan a durƙushe. Gumi yana ɗiga daga hancinsa, jikinsa duka yana karkarwa, amma hannuwan ba su motsa ba. Idanunsa a kan fuskar ɗansa suke, ko ƙiftawa ba ya yi.

Rana ta karkata sosai kafin malamar ta iso da maza huɗu da ƙyauren ƙofa da za a ɗauke shi a kai. Ta buɗe jakarta, ta shirya abin matse jijiya da auduga, ta durƙusa kusa da tsohon.

"To, Baba, sannu da ƙoƙari. Ɗaga a hankali."

Bai ɗaga ba.

"Baba, saki. Na karɓa."

"Ba na iyawa," ya ce. Muryarsa ta dushe. "Sun ƙi."

Hannuwan sun sandare a dunƙule, jini ya bushe ya manne su da juna. Sai da Kubat ya riƙe kafaɗunsa, Burul ta tsuguna da hannunta mai lafiya tana ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, malamar tana cusa audugar a gurbin kowane yatsa da ya tashi. Da na ƙarshe ya fita, jinin ya ɗan taso, ta danne, ta matse, ya tsaya.

Zafin ya sa Mederbek ya buɗe ido. Ya dubi rassan da ke sama, ya dubi mutanen, ya dubi mahaifinsa da ke zaune a ƙasa da hannuwa a ɗage kamar ba nasa ba.

"Baba," ya ce da ƙyar, "wallahi kana da nauyi."

Maza suka ɗaga ƙyauren. Burul ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hammatar tsohon ta miƙar da shi, suka bi bayansu.